Akwatuna biyar, kala ɗaya: yadda na tsinci kaina cikin tara lezar rawaya

Wani abokina ya leƙo ɗakin da nake ajiye kayana kwanaki, na kashe fitila na kunna masa leza uku a jere, wato na'urorin nan masu fitar da siririn haske mai kala ɗaya, ya tsaya ya kalla ya kalla sannan ya ce wai duka ai kala ɗaya ce, me ya sa ban sayi guda ɗaya na huta ba. Wallahi abin ya ɗan sosa min rai amma ban ga laifinsa ba, don nima kafin in faɗa wannan harka haka nake gani, yalo dai yalo ce. Toh ba ɗaya ba ce. Ta farko 561 ce, wato tsawon zangon haskenta nanomita 561 (nanomita ɗan mitsitsin ma'auni ne, kuma tsawon zangon ne ke ƙayyade kalar haske), kalarta kamar lemon tsami da bai gama nuna ba, akwai kore-kore a ciki. Ta biyu 589, ita ce rawaya tsantsa irin ta zinari. Ta uku 593.5, ta fara karkata zuwa ruwan goro. Sai ka ɗan daɗe da su idonka ke fara rabewa, kuma da zarar ya fara shikenan ka shiga uku, don sai ka ji kana son ka ga abin da ke tsakaninsu ma.

Abin da ya fara jawo ni shi ne tambaya ɗaya: me ya sa ja da kore da shuɗi suke ko'ina, amma ba ka cika ganin rawaya ba? Ashe matsalar daga tushe take. Lezar ja ta zamani ɗan ƙaramin dayod ne kawai, wato ɗan mitsitsin kayan lantarki, ka ba shi wuta ya ba ka haske, haka ma shuɗiya. Sinadaran da ake yin dayod ɗin ja da su suna rasa ƙarfi idan aka matsa da su wajen rawaya, su kuma na shuɗi da kore suna lalacewa idan aka ja su daga ɗaya ɓangaren, sai ya zama akwai wani rami a tsakiya da kowa ya kasa cikewa cikin sauƙi, kuma rawaya a cikin ramin nan take zaune. Shi ya sa kusan duk lezar rawaya da za ka samu da dabara aka haifo ta, ba kai tsaye ba.

Bari in faɗi dabarar don ita ce ta fi burge ni a duk harkar. Ɗauki 593.5 misali. A cikin akwatin akwai dayod mai haske 808 wanda ido ba ya gani sosai, shi ne ke zuga wani kiristal mai sinadarin niyodimiyom, shi kuma kiristal ɗin sai a tilasta masa ya fitar da haske iri biyu lokaci guda, 1064 da 1342, duka infirared ne ba ka ganin ko ɗaya, sannan a cusa su tare cikin wani kiristal na biyu irin su KTP ko LBO inda suke haɗewa su zama haske ɗaya. In kana son lissafi, ka ninka 1064 da 1342 ka raba da jimlarsu, za ka ga 593.5 ta fito. Haka 589 take, sai dai ita 1064 da 1319 ake haɗawa. Ita kuwa 561 haske ɗaya ake ɗauka, na wajen 1122, a raba tsawon zangonsa gida biyu. Yanzu ka duba, haske biyu da kowannensu ke son ya cinye ƙarfin kiristal shi kaɗai, dole a daidaita su su zauna lafiya kamar kishiyoyi, zafi ya ɗan canza kaɗan ɗaya ya danne ɗaya haske ya fara rawa. Wannan ne dalilin da ya sa ƴan ƙananan na aljihu masu rawaya suke da shegen taurin kai, yau ta yi haske gobe ta yi kamar za ta mutu, ka riƙe ta a hannu ta ɗumama ta canza hali.

Nan ne na lab, wato na ɗakin binciken kimiyya, suka sha bamban, kuma shi ya sa na daina kula na aljihu gaba ɗaya. Ta lab akwati ce mai nauyi, a ciki akwai abin da ke riƙe zafin kiristal a wuri ɗaya, tana da nata akwatin wuta daban mai makulli da fanka, ka murɗa makulli ba za ta kama nan take ba sai ta ɗan jira, sannan ka ba ta wasu mintoci ta ɗumama kafin hasken ya tsaya cak. Amma in ya tsaya ya tsaya, awa nawa ka bar ta ɗigon nan ba ya ko ƙyaftawa. Yawancinsu na hannu ne, an ciro su daga tsofaffin injinan binciken ƙwayoyin halitta, don 561 da 594 ana amfani da su sosai a manyan maikuroskof da injinan ƙirga ƙwayoyin jini wajen haska rini masu ƙyalli. Injin ya tsufa a watsar, lezar ciki kuma da sauran ranta.

Sai dai sayen na hannu caca ne, ni ma na sha. Akwai wadda na saya a intanet, hoto tsaf, mai sayarwa ya rubuta wai an cire ta tana aiki, ta iso na buɗe kwali na ga kan lezar ne kawai babu akwatin wutarta. Na ɗauka ai ƙaramin abu ne zan nemo wani in jona, ashe irin waɗannan kowane kai da nasa akwatin ake saita shi tun daga masana'anta, yawan wutar dayod da zafin kiristal duk an daidaita su da juna, ka jona wani daban ko dai ta ƙi tashi ko ka ƙona dayod ɗin. Tana nan har yau a kan kanta, ina danne takardu da ita. Tun daga nan ba na saye sai na ga kai da akwati tare, na ga hoton tana kunne, in da hali a gaya min awa nawa ta yi aiki.

Wadda na fi so duk cikinsu kuwa ita ce mafi rauni. Hiliyom-niyon ce mai 594.1, doguwar kwalbar gilashi cike da iskar gas, ƙarfinta bai wuce miliwat biyu ba. Irin wannan leza tun 1960 aka ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, Ali Javan da abokan aikinsa, kuma wadda kowa ya sani ita ce ja mai 632.8. Hasken rawaya a cikin gas ɗin rarrauna ne ƙwarai, sai an yi madubai na musamman da za su hana jan ya mamaye, ƙura kaɗan ko madubi ya ɗan goce shikenan ta ɗauke. Amma kyan haskenta, kai! Ɗigo zagayayye sumul babu gashi-gashi a gefe, kuma in kwalbar a buɗe take kana ganin gas ɗin yana ci a ciki da wata kala mai ruwan hoda, daga baki kuma zare rawaya na fita. Na kan zauna in yi ta kallo kawai ba tare da ina wani gwaji ba. A kula dai, wutar da ke tada ta dubban bolt ce, kuma kwalbar na riƙe caji ko bayan an kashe, na taɓa ɗanɗana sau ɗaya ban kuma marmari ba.

Toh me kake yi da su? Wannan tambayar ba ta ƙarewa. Gaskiya yawanci wasa da haske ne, madubai, ruwan tabarau, ɗan hazo a ɗaki don zaren ya fito, da ɗaukar hoto wanda shi ne ya fi ba ni haushi don kyamara ba ta san rawayar leza ba, ko ta mayar da ita kore-kore ko ta yi ruwan lemo, ban taɓa samun hoton da ya yi daidai da abin da idona ke gani ba. Gwajin da na fi nuna wa mutane shi ne na faifan CD. Idan ka haɗa lezar ja da kore a layi ɗaya ido zai ga rawaya, har akwai masu sayar da irin wannan a matsayin yalo, amma ka haska kan bayan faifan sai ka ga ta rabu biyu, ja gefe kore gefe. Rawayar gaske kuwa duk inda ta faɗa rawaya take zama. Mutum na ganin wannan sai ya gane cewa kala a ido daban, haske kansa daban.

Ita 589 tana da wani abin alfahari. Kalar sodiyom ce, irin hasken tsofaffin fitilun titi masu rawaya, ko abin da kake gani in gishiri ya faɗa harshen wuta. Can sama wajen kilomita 90 akwai wani shimfiɗin sodiyom a sararin samaniya, masu binciken taurari sai su harba leza mai wannan kala ta sa shi ƙyalli ya zama kamar tauraron roba, da shi suke auna yadda iska ke girgiza hoto su gyara madubinsu. Babbar na'urar hangen taurari ta Paranal a ƙasar Chile tana da irinsu huɗu tun 2016, kowace wat 22. Tawa ba ta kai ko kusa ba kuma ba a saita ta daidai kan zangon hasken sodiyom ɗin ba, amma dai dangi ne. Akwai kuma 577 da likitocin ido ke aiki da ita saboda jini na shanye wannan kala sosai, ita ce ban samu ba har yanzu kuma ita nake mafarki.

Maganar ido kuwa ba wasa, kuma a nan rawaya ke yaudarar mutane. Tabaran kariya da aka fi samu na kore da shuɗi ne, gilashinsu ruwan lemo, kuma gilashi ruwan lemo ai rawaya yake bari ta wuce, ka saka ka ɗauka ka tsira alhali kamar ba ka saka komai ba. Dole ka karanta lambobin da ke jikin tabarau ka tabbatar zangon lezarka na ciki. Ga kuma infirared ɗin nan na 808 da 1064 da kan iya zubowa idan babu matacin kirki a bakin lezar, ba ka ganinsa amma yana shiga ido. Duk abin da ya haura miliwat biyar ni ba na kunna shi sai da tabarau, zaren yana ƙasa da tsayin ido, na cire agogo da zobe, ƙarshen layin kuma akwai baƙin abu da ke tare shi. Sama kuwa ba na haskawa sam saboda jirage.

Abokin nawa da ya ce duk kala ɗaya ce, kafin ya tafi na jera masa ɗigo ukun kusa da juna a kan farar takarda, 561 da 589 da 593.5, ya sunkuya ya daɗe yana kallo sannan ya nuna ta tsakiyar ya ce wannan ta fi kyau. Jiya ya turo min hoton wata tsohuwar 561 da ya gani ana sayarwa yana tambaya ko ya saya, na zuƙo hoton na duba, kai ne kawai babu akwatin wuta.