Jira ya fi aika amsa wuya

Shirye-shiryen kwamfuta irin su ssh (na shiga wata na'ura daga nesa) da sudo (na yin aiki da ikon mai kula da na'ura) ba sa karɓar kalmar sirri ta bututun da aka saba tura wa shiri bayanai. Tashar da mutum ke zaune a gabanta, wato inda yake buga umarni, suke nema kai tsaye. Wannan matsalar ce Don Libes na hukumar NIST ta Amurka ya magance da Expect, wanda ya fitar a 1990 a kan harshen Tcl. Expect yakan buɗe tashar bogi ya tayar da shirin a cikinta, shi kuwa shirin ya ɗauka da mutum yake magana. Umarni uku ke ɗauke da yawancin aikin: spawn ya tayar, expect ya saurara, send ya ba da amsa. Masu Python suna da Pexpect, tafiyarsu ɗaya.

Abin da aikin kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, ya koya mini shi ne, send ba ya ba kowa wahala. Wahalar tana wajen sauraro. Rubutun umarninka yana jiran kalmomin da aka tsara don idon mutum, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin ba za su sauya ba. A 2019, OpenSSH 8.0 ya ƙara kalmar fingerprint a tambayar nan ta "yes/no" da ake yi wa wanda ya fara shiga wata na'ura. Mutum ko a jikinsa. Amma rubutun da ke jiran tambayar harafi da harafi sai ya yi tsaye.

Tsayuwar ma da sauƙi. Expect daƙiƙa 10 yake jira, in bai ga abin da yake nema ba kuma ba ka faɗa masa abin yi ba, sai ya wuce layi na gaba kamar komai lafiya. A haka ake zuba "yes" a gurbin kalmar sirri, ko kalmar sirrin ta faɗa inda za ta fito ɓaro-ɓaro a fayil ɗin rahoto. Shi ya sa ba na amincewa da expect ɗin da ba shi da reshen timeout (abin yi in lokacin jira ya ƙare) da na eof (abin yi in shirin ya rufe), komai gajartar rubutun.

Sai kuma 'ya'yan da ka tayar, wato shirye-shiryen da rubutunka ya kunna. Shirin da ya gama aiki ba ya fita daga jerin tsarin sai uwarsa, wato shirin da ya tayar da shi, ta karɓi sakamakonsa da umarnin wait. Kafin nan yana nan kamar gawar da ba a yi wa sutura ba, umarnin ps mai jero shirye-shirye na nuna shi da harafin Z. Bututun Linux kuwa kilobayit 64 yake ɗauka. In ɗan ya cika shi kai kuma kana jiran ya gama kafin ka karanta, kun saka juna a tsaka mai wuya: shi yana jiranka, kai kana jiransa. Don haka aka yi communicate a Python, mai karanta bututun yayin da yake jiran ɗan ya gama.

Yanzu kafin in taɓa Expect sai na duba ko shirin yana da ƙofar da ba ta tambaya. Makullin ssh ya raba ni da kalmar sirri, apt-get mai girka manhajoji yana da -y da ke amsa "yes" tun kafin a tambaya. Expect na bar wa tsofaffin na'urorin sadarwa da ba su san komai ba sai telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa.