Inda aka kwana kan motarmu ta rali a Maraɗi

'Yan uwa masu koyo, ga inda muka kai. Motar ta fito daga garaji. An ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, an sauya shokoba duka huɗun, an zubar da tsohon man birki an zuba sabo. Injin kuwa ba mu taɓa shi ba, in ban da baƙin mai da fulogi da matatar iska, kuma bana ba mu da niyyar taɓa shi. Na san akwai wanda zai ce, to ina tseren yake in ba a ƙara wa inji ƙarfi ba? A kan wannan tambayar nake so in tsaya, domin a nan ne kuɗin mai koyo yake yin albarka ko ya salwanta.

Rali ba wasan motar da samari ke yi ranar biki ba ne, wanda ake murza sitiyari a tsakiyar jama'a har a kwashe ƙafar ɗan wani. Ba a kuma jera motoci kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kowa da agogo yake kokawa. Mutum biyu ne a ciki, direba da mai karanta hanya. Akwai ralin gudu, wanda ake rufe hanya gaba ɗaya, wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci shi ya ci. Wannan yana son kejin ƙarfe a cikin mota, da kujeru da bel na musamman, da kayan da wuta ba ta ci da wuri, da lasisin hukumar wasan mota ta ƙasa wadda ke ƙarƙashin FIA, hukumar wasan mota ta duniya. Akwai kuma ralin daidaita lokaci: a ba ka matsakaicin gudu, wanda galibi ba ya wuce kilomita 50 a awa, a ce ka riƙe shi daga farko har ƙarshe. Kowace daƙiƙa da ka makara asara ce, wadda ka riga lokaci ma asara ce. Mu na biyun muke koyo, kuma duk wanda aljihunsa irin namu ne, ina ba shi shawara ya fara daga nan.

Lissafin ba shi da wuya a takarda. In an ce kilomita 40 a awa, kowane kilomita daƙiƙa 90 ne. In 45 ne, daƙiƙa 80. In 30 ne, minti biyu cif. Wahalar tana kan hanya, lokacin da yashi ya riƙe ka a gangaren gulbi ka rasa daƙiƙa goma sha biyar, sai mai karanta hanya ya lissafa a kansa inda za ka rama su ba tare da ka wuce gona da iri ba, motar tana tsalle, littafin yana neman suɓuce masa.

Ƙanena ne yake karanta mini hanya. Littafinmu na ɗalibai ne, mun raba kowane shafi gida uku: nisa daga wurin tashi, zanen mararraba, da gargaɗi. Zanen ɗigo ne a ƙasa, wato inda ka fito, da kibiya inda za ka nufa. Kwanoni kuma mun ba su lamba daga ɗaya zuwa shida, ɗaya ita ce mafi tsanani, shida kusan miƙe take. A cikin mota haka za ka ji shi: "Yaya, ɗari da hamsin, dama uku, yashi a ciki. Hamsin, hagu biyar, kututture a waje, kada ka yanke. Muna baya da daƙiƙa shida." Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne gane yaushe zai yi magana. In ya faɗi kwana da wuri, kafin in kai na manta. In ya bari sai na gan ta da idona, maganarsa ba ta da amfani. Yanzu mun daidaita kan ya faɗi ta gaba a daidai lokacin da nake fitowa daga wadda nake ciki. Wannan atisayen ko sisi ba ya ci. Da kabu-kabu ma ana iya rubuta littafin hanya, kuma a tsakar gida ana iya zama ɗaya ya karanta ɗaya ya maimaita har kunne ya saba.

Motar tsohuwar Corolla ce mai jan gaba, irin 'yan Kwatanon da suka sha aiki. Mun zaɓe ta ne don duk abin da ya karye a jikinta za a same shi a kasuwa kafin la'asar, kuma kowane makanike a garin nan ya san cikinta. Mu uku muka haɗa kuɗi muka saya. Mun kafa adashe na wata-wata wanda ba a kwasa, sai dai a ajiye don gyara, kuma mun rubuta a takarda cewa abin da ya lalace da tsufa na kowa ne, abin da ya karye da ganganci rabin kuɗinsa a wuyan wanda ke riƙe da sitiyari. Ku rubuta irin wannan tun ana dariya da juna. Mota ɗaya tsakanin abokai uku tana iya raba zumunci in ba a yi maganar kuɗi a fili ba.

Wanda ke ganin ƙaramar mota abin kunya ce, ya tuna da 'yan uwan nan biyu Faransawa, Claude da Bernard Marreau. Da Renault 4 suka shiga ralin Paris zuwa Dakar a shekarunsa na farko, suka zo na uku a 1980, sannan suka ci gasar a 1982 da Renault 20 da suka shirya da hannunsu. Ita ma Fijo 504, wadda iyayenmu suka yi lodin fasinja da ita tsakanin nan da Katsina, a 1975 ta ci ralin Safari na Kenya, ta ci na Maroko, ta ci na Bandama a Kwaddibuwa. Ba gudu ya ba ta ba, juriya ce. A wannan ralin na Bandama, a 1972, ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Iya ruwa fid da kai.

Shi ya sa kuɗinmu na farko ya tafi ƙarƙashin mota. Na tsaya a kan maigidan garajin ranar da ya haɗa farantin, kuma abin da na gani ya cancanci a faɗa. Da kwali ya fara, ya kwanta a ƙasa ya yanka shi daidai da cikin motar, sannan ya ɗora a kan ƙarfen ya zana da alli. Gaban farantin ya lanƙwasa shi sama kamar bakin kwalekwale, don in ya haɗu da tudun yashi ya hau kai maimakon ya tokare. Bai ɗaure shi a jikin inji ba, a jikin ƙashin motar ya ɗaure, ya bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da kaskon mai, ya cusa guntun tsohuwar taya a wurin. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ɗana, in ƙarfe ya manne da kasko, dutsen da ya bugi wannan ya bugi wancan. Robar ce za ta sha dukan." Kawunan kusoshin kuma ya nutsar da su ciki, ya huda ƙofa daidai wurin juye mai don kada a riƙa kwance farantin duk lokacin sabis. Bayan kowace fita muna zaro yashi da tsakuwar da suka taru a kansa, don in suka cika tazarar nan aikin ya tashi a banza.

Man birki kuwa mutane ba su cika kula da shi ba. Yana shan danshi a hankali, kuma in ya sha, da wuri yake tafasa. Sabon man birki samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya shekara da shekaru a mota ya yi ƙasa da haka sosai, kuma ranar da ya tafasa ƙafarka za ta nutse har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Kwalba ɗaya ce, kuɗinta bai kai na taya ba.

Batun mai: tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023, arhar ruwa-ruwan bakin titi ta wuce. A 2024 gwamnatin Nijar ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, kuma a gidan mai muke sha, don man kwalba yakan zo da datti. A cikin yashi motarmu tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, saboda haka a wannan farashin atisayen kilomita 60 ba ya kai jika huɗu. In aka raba uku, abin bai fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba. Abin da ke cin kuɗi da gaske taya ce. Ƙayar aduwa da kututturen da ke ɓoye a yashi gefen taya suke nema, kuma gefe ba ya facuwa. Muna rage iska zuwa wajen bar 1.5 in za mu shiga yashi mai laushi, don tayar ta baje ta daina nutsewa, amma da mun fito kan burji sai mu mayar da ita, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi, kuma a kwana tana iya barin bakin wili. Famfon ƙafa da ma'aunin iska suna cikin but kullum, tare da safaya biyu, da shebur, da katako mai faɗi na ɗora jak, da igiyar ja, da tukunyar kashe gobara mai kilo 2 a ɗaure inda hannun direba zai kai.

Kejin ƙarfe bai samu ba tukuna, shi muke tara wa kuɗi. Ina roƙonku kada ku yarda mai walda ya haɗa muku shi da bututun ruwa. Ƙa'idar FIA ta ce bututun ƙarfe marar ɗinki, babban bakan da ke bayan kujeru mai kaurin milimita 45 da bango 2.5, ko 50 da bango 2, kuma ƙafafunsa su zauna a kan faranti da aka ƙarfafa a daɓen motar. Bututun ruwa in mota ta kife karyewa yake, ya zama mashi a cikin ɗakin da kake zaune. Kafin namu ya samu, mun sa wa kanmu doka: ba a wuce 50, ba a shiga sai da hular kwano da bel. Ku tuna in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, wato mutanen da hanyar ta ratsa garinsu. Ƙasarmu ta san rali. Tun fitowar farko ta ralin Paris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya shirya, wadda ta bar Paris a ƙarshen Disambar 1978, ayarin ya bi ta Agadas da Yamai, kuma shekaru da dama hamadar Tenere ce zuciyar gasar. Amma ayarin nan ya bar makoki a garuruwan Afirka, har da yarinya 'yar shekara 10 da mota ta kashe a Mali a 1988. Gasar ta koma Kudancin Amurka a 2009, ta koma Saudiyya a 2020, iyayen yaran suna nan inda suke. Mu da muke 'yan gida ba mu da uzurin baƙo.

Don haka kafin mu sa taya a wata hanya, sai mun je gaban mai gari. Wanda muke atisaye a ƙasarsa, ta wajen arewa da gari, dattijo ne mai sauƙin kai. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, hanyar bayan gari muke roƙo, da safe, ba ranar kasuwa ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, burtali na nan, rijiya na nan. Ku bari shanu su sha ruwa su wuce tukuna. Kuma kada in ga sawunku a gonar kowa." Haka muke yi. Ya haɗa mu da samari biyu masu babur, ɗaya a kowane bakin hanya da waya a hannu, in amalanke ko garke ya shigo su kira mu mu tsaya. Muna biyansu, kuma wannan kuɗin yana cikin lissafin kowace fita kamar kuɗin mai. Mun kuma sanar da jandarmomi, takardun mota da inshora da permi duk a cike. Kudu kuwa, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, hanyoyin suna da daɗin tuƙi amma halin tsaro bai bari ba, mun haƙura da su. Da damina ta sauka kuma za mu ajiye makulli har a gama girbi a saki gonaki, don hanyar da ka bi da rani wataƙila gero ne a gefenta biyu, yara na ciki ba ka ganinsu.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne awon nisa. Agogon kilomita na mota daga juyawar taya yake ƙirga, to a yashi tayoyin gaba suna juyawa a banza, sai ya nuna ka yi nisan da ba ka yi ba, rage iska ma yana ƙara masa kuskure. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau kwaltar da ta nufi Tasawa mu gwada shi da duwatsun kilomita na bakin hanya a kan kilomita 10, da cikakkiyar iska, mu rubuta bambancin. Sannan mu auna hanyar atisaye da GPS na waya a hankali, mu sake binta da agogon mota da iska 1.5, mu fitar da adadin da ƙanena zai riƙa ninkawa da shi. Wanda ke da babur zai iya yin wannan gwajin da nasa, ya zo da littafinsa mu kwatanta.