Aikina da siraran fallayen telluriyam

Wanda ya saba da girafin, wato fallen kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, yakan ɗauka kowane siririn falle da salatif ake ɓantaro shi daga dunƙule. Sinadarin telluriyam bai yarda da wannan ba, kuma dalilin yana cikin ƙirarsa. Kowace ƙwayar zarrarsa tana riƙe da maƙwabta biyu kacal, sai su yi doguwar sarƙa murɗaɗɗiya, zarra uku a kowane zagaye. Sarƙoƙin suna jere gefe da gefe kamar ɗaurin tsintsiya, riƙon da ke tsakaninsu mai rauni ne. In ka ja da salatif, galibi zare-zare za ka samu.

Don haka girka shi na yi, bisa hanyar da masu bincike na Jami'ar Purdue a Amurka suka wallafa a 2018: gishirin telluriyam Na2TeO3, da PVP (wani sinadari mai kama da danƙo da ke narkewa a ruwa), da ruwan ammoniya, da haidrazin, a rufe cikin tukunyar ƙarfe mai cikin Teflon, a bar ta cikin zafi digiri 180 na Selshiyos na tsawon sa'o'i. Yawan PVP shi ne ke yanke hukunci, ko a sami falle ko a tashi da tarin allurai. Haidrazin guba ne, shi kuma telluriyam in ya shiga jiki numfashin mutum ya dinga warin tafarnuwa ke nan har makonni. Ban taɓa buɗe tukunya a wajen akwatin zuƙe hayaƙi ba.

Wurin awo ne aikin ya fi daɗi. A na'urar Raman, mai haska samfur da leza ta nuna girgizar ƙwayoyin zarrarsa a matsayin layuka, dunƙulallen telluriyam yana nuna babban layinsa kusa da 121 cm⁻¹, falle kuwa in ya sirance sosai layin yana matsawa sama. Juya fallen kaɗan a ƙarƙashin hasken, sai ƙarfin layukan ya canza, domin sarƙoƙin suna kwance ne ta fuska ɗaya. Tun daga nan na riƙa rubuta inda sarƙa ta dosa kafin in ɗora wayoyin faladiyam, saboda wutar lantarki ta fi gudu tare da sarƙa fiye da tsallake ta.

Kauri kuma ciniki ne. Giɓin makamashi, wato kuzarin da ilektron ke buƙata kafin ya iya ɗaukar wuta, kusan 0.35 eV ne a dunƙule, a falle mafi siranta yana kusantar 1 eV. Tiransistocin (ƙananan makunnan lantarki) da na yi da fallaye masu kauri suna jan wuta sosai amma ba sa katse ta da kyau in an kashe su. Sirara suna kashewa tsaf, sai dai wutar ta ragu. Mutanen Purdue sun kai saurin motsin caji na kusan 700 cm²/Vs, ni dai ba na kallon irin wannan lamba sai an faɗa mini kaurin fallen.

Abin da ya sa nake ganin ya cancanci wahalar: guraben da ilektron ke bari ne, ba ilektron kansa ba, ke ɗaukar wuta a cikinsa, irin da ake ƙarancinsa a siraran kaya, kuma yana jure iska. Baƙin fosfaras, wani siririn falle irinsa, yakan lalace cikin kwanaki in an bar shi a fili. Nawa samfuran sun yi makonni a durowa, na sake auna su, bambancin kaɗan ne.