Idan ciwo ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki amma ba ita ba ce

Baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, kowa ya gani zai ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma yawanci ita ɗin ce. Amma fa akwai cututtukan da ke zuwa da wannan kamannin sak alhali babu wata jijiyar jini da ta toshe a ƙwaƙwalwa, ga likita kuma lokaci na ƙure masa tunda allurar narkar da gudan jini, Alteplase, cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake son a yi ta.

To a nan ne hoton gudun jini yake shigowa. Ana zuba wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, na'urar CT ta yi ta ɗaukar hoton kai a jere kamar na minti ɗaya, sai kwamfuta ta fitar da taswira mai launi da ke nuna inda jini ke isa da wuri, inda yake makara, da inda ya ragu sosai. A shanyewa ta gaske wajen da jinin ya ragu yana bin iyakar jijiyar da ta toshe ne, kamar gonar da aka tare wa hanyar ruwa, makwabciyarta na nan kore shar.

Farfaɗiya ce ta fi ba ni mamaki gaskiya. Mutum zai yi farfaɗiyar, wataƙila ba wanda ya gani, bayan ta lafa sai ɓarin jikinsa ya mutu na wasu awanni, abin da likita Robert Todd ya bayyana tun 1849. Idan aka ɗauki hoton farfaɗiyar tana kan aiki, jini ƙaruwa yake yi a wajen, kuma ba ruwansa da iyakar jijiya, yana iya mamaye yankin jijiya biyu. Matsalar ita ce kwamfuta ɓangaren hagu da na dama take kwatantawa, to idan ɗaya ya cika da jini sai mai lafiyar ya fito kamar shi ne ke da matsala, wanda bai nutsu ba sai ya karanta abin a juye. Bayan ta lafa kuma jinin na iya raguwa, ka ga an ƙara rikicewa kenan.

Ciwon kai na ɓari ɗaya, irin wanda ke fara wa mutum da ganin walƙiya ko mutuwar hannu, shi rage jinin yake yi amma kaɗan, yawanci ta wajen ƙeya, shi ma yana tsallake iyakoki, kuma in an duba manyan jijiyoyin a buɗe suke. Saukar sukari a jini kuwa, wadda ita ma kan yi kama da shanyewa, ba ta ma buƙatar wannan wahalar, tsira ɗan yatsa kawai za a yi, shi ya sa ake fara aunawa kafin komai.

Abin da ba na so shi ne a ga taswira ta fito lafiya lau a ce wai shikenan ba shanyewa ba ce. Ƙananan jijiyoyin can cikin ƙwaƙwalwa idan suka toshe sau da yawa wannan hoton ba ya kama su, haka ma na tushen ƙwaƙwalwa inda ƙashi ke ɓata hoto, waɗannan sai MRI, wato na'urar ɗaukar hoto mai aiki da maganaɗisu. Kuma wanda ba shanyewa yake da ita ba idan aka yi masa allurar narkar da gudan jinin, haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwarsa kaɗan ne ƙwarai, don haka likitoci da yawa idan suna kokwanto kuma lokaci na tafiya, gara su yi ta da su tsaya jiran tabbas.