Karatun Da Na Bari Ba Sallama

Idan aka tambaye ni yaushe na bar jami'a, sai in rasa amsa, domin babu ranar da na zauna na yanke wannan shawara. Ina ajin kusa da na ƙarshe aka haifi 'yarmu ta biyu, a wurin aiki kuma aka mayar da ni aikin dare a ɗakin ajiyar kaya, inda nake riƙe da lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita. Da gari ya waye sai in wanke fuska in zarce lakca. Littafin rubutuna na wancan lokacin yana nan. Layin farko rubutu ne tsaf, na biyu ya fara karkacewa, na uku kuwa wani dogon zane ne da biro ya ja har bakin takarda lokacin da barci ya ɗauke ni.

Daga nan gwaji ya fara wuce ni, na faɗi kwasa-kwasai biyu. Wanda bai shiga ba ba zai san wahalar maimaita kwas ba: lokacinsa yakan ci karo da na sabon aji, ka zama kullum akwai lakcar da kake yi wa fashi. Da lokacin rajista ya zo, kuɗin ya tafi ga buƙatun gida, na ce sai zango mai zuwa. Uwargida ta sha ce min, "Maigida, ka je ka gaya musu halin da kake ciki mana, ko takarda ce ka rubuta." Ni kuwa kunya ta hana ni. Gani nake duk wanda ya tsaya gaban shugaban sashe ya ce ba zai iya ba, ya riga ya tona wa kansa asiri.

Bayan shekaru na daure na koma. Jami'in da ke kula da fayilolin ɗalibai ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, da ka nemi ɗage karatu a rubuce, da gurbinka yana nan. Amma a wajenmu ɓacewa ka yi." Ya yi min bayani dalla-dalla. Ɗalibin da ya nemi izini aka amince masa, ana ajiye masa matsayinsa har ya dawo. Wanda ya daina zuwa shiru kuwa, zangon da bai yi rajista ba yana ci gaba da shiga lissafi, kuma jami'o'i da yawa suna da iyakar shekarun da dole a kammala digiri a cikinsu. Nawa wa'adin ya riga ya cika. Ya ƙara da cewa ai ana iya rage yawan kwasa-kwasai a zango idan nauyi ya yi yawa. Duk wannan yana cikin littafin dokokin da aka raba mana a makon farko, wanda kusan babu ɗalibin da ke buɗewa.

Masu rarrashi sukan ce min, "Ai iyalinka ka zaɓa, ba ka yi asara ba." Na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma maganar ba ta shiga ta. Ban taɓa yin da-na-sanin ciyar da yarana ba. Abin da ke cina shi ne babu wanda ya tilasta min zaɓa tsakanin su da karatu. Takarda mai shafi ɗaya ta isa ta riƙe min duka biyun. Masu kawo labarin attajiran da suka bar makaranta kuma, ina ma za su zo su tsaya kusa da ni ranar da ake cike fom ɗin ƙarin girma. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata aiki, in nuna musu yadda ake gano kuskure a lissafin kaya, bayan ɗan lokaci su zama su ke sa hannu a takardar hutuna. Ba laifinsu ba ne, suna da kwali.

Abin da na tsira da shi ita ce takardar sakamakon kwasa-kwasan da na ci. Da ita na nemi shiga tsarin karatu daga nesa, wanda ba sabon abu ba ne: tun 1969 aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a Ingila domin irinmu masu aiki da iyali, da farko tana koyarwa ta rediyo da talabijin da wasiƙa, yanzu kuma intanet ta sauƙaƙa lamarin. An karɓi wasu daga cikin kwasa-kwasaina, wasu aka ce sun tsufa sai na sake.

Yanzu biyu kacal nake ɗauka a zango, ko da ina jin zan iya fin haka. Da jadawalin jarrabawa ya fito nake kai wa shugabana a wurin aiki, in nemi a sauya min ranaku tun da sauran lokaci. A gida mun yi yarjejeniya da uwargida: daren Talata da na Alhamis nawa ne, ba aike ba baƙi, safiyar Asabar kuma ni ke da yara ita ta huta. Tafiyar tana da jinkiri ƙwarai, a lissafina sai babbar 'yata ta shiga sakandare kafin in gama.