Tifar da aka saki da bakina

Makon jiya na kwashe kayana daga ofis bayan shekara 11 ina gabatar da ƙara a madadin gwamnati. Ƙananan lauyoyin da na bari sun roƙe ni in rubuta musu wani abu kan shari'o'in haɗarin mota, tunda a 'yan shekarun nan duk fayil ɗin da ya haɗa direba da gawa teburina ake kawo shi. Wasunsu sun ɗauka sha'awa ce ta kai ni fannin. Wata tifa ce ta kai ni, wadda aka saki da bakina a shekarata ta biyu a aiki.

Yashi ta ɗauko, ta gangaro cikin wani gari da babbar hanya ta ratsa, ranar kasuwa da la'asar. Ta bi ta kan Adaidaita Sahu da ta tsaya sauke fasinja. Wata mata da 'yarta mai shekara 7 suka cika nan take, mai Adaidaitan kuma aka yanke masa ƙafar dama a asibiti. Direban ya dira ya faɗa gona da gudu, sai washegari ya kai kansa caji ofis. Ban taɓa riƙe wannan gudun hujja a kansa ba, don kowa ya san abin da taron kasuwa ke yi wa direban da ya shiga hannu a irin wannan wuri.

Mun tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 5 na dokar manyan hanyoyin tarayya, na tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa, mai ɗaurin da ya kai shekara 7. Fayil ɗin ya yi mini kyau. Ga shaidu uku da suka ce a guje ta shigo gari, inda doka ba ta yarda mota ta wuce kilomita 50 a awa ba. Ga zanen da 'yan sanda suka yi, babu sawun birki ko taku ɗaya a kan kwalta. Abu guda ne babu: rahoton 'yan VIO, jami'an duba lafiyar mota. Akwai kwafin wasiƙar da aka aika musu su zo su duba motar, amma amsa ba ta zo ba.

Ana gobe zama shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa. Bai ko ce in zauna ba.

"Barista, gobe lauyan mai tifa zai nemi a ba su motarsu. Kada ka yi suka."

"Yallaɓai, ai ba a duba ta ba tukuna. Rahoton bai shigo fayil ba."

"Zai shigo. Mai motar nan mutumin kirki ne, mun san shi. So kake dukiyar bawan Allah ta ruɓe a caji ofis?"

Na ce, "To, Yallaɓai," na fito. Ban roƙe shi ya rubuta umarnin a fayil ba. Ni ma ban rubuta cewa shi ya ce ba. Washegari da alƙali ya juyo ya tambaye ni, na miƙe na ce ba mu da suka. Maganar ba ta ci minti ɗaya ba, kuma kafin magariba tifa ta bar harabar 'yan sanda.

Bayan wata bakwai aka zo kariya. Direba ya rantse ya ce ya taka birki ya ji wayam. Suka kawo makaniki ya ce tiyon iskar birki ne ya fashe farat ɗaya, shi ya sauya shi da hannunsa, tsohon kuwa an zubar tuni. Rashin sawun birkin da na yi niyyar kafa hujja da shi sai ya koma nasu, suka ce ai shi ya nuna birkin ne bai kama ba.

Ku da kuke aikin kun san yadda dokar take. Lalacewar da ta zo ba zato, wadda direba bai sani ba kuma ba shi da hanyar sani, tana iya wanke shi. Amma wanda ya san birkinsa ba lafiya ya loda yashi ya hau titi, hawan nan kansa tuƙin ganganci ne. Abin da zai raba biyun shi ne idon mai duba mota a kan tiyon nan: sabon fashewa ne, ko tsohon ciwo ne da aka daɗe ana ɗaure shi da roba? Ɗan sandan da ya yi bincike ya faɗa mini a bayan kotu cewa yaron motar ya gaya masa da baki sun kwana uku suna lallaɓa birkin. Bai rubuta ba, yaron kuma ya ɓace. Alƙali ya ce akwai kokwanto, kokwanto kuwa na wanda ake tuhuma ne. Ya sallame shi ya wanke shi, kuma ya rubuta a cikin hukuncin cewa masu gabatar da ƙara da kansu suka amince a saki motar kafin a duba ta. Ban ga laifin alƙalin ba ko kaɗan.

Kwana huɗu bayan haka takardar neman bahasi ta iso teburina, da sa hannun mutumin da ya ba ni umarnin. Wai in yi bayanin dalilin da ya sa ban yi suka ba. Na same shi a ofis jikina na rawa, na ce, "Yallaɓai, ai kai ka ce." Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ni? Nuna mini inda na rubuta." Takardar ta zauna a fayil ɗina, ta ci mini ƙarin girma ɗaya. Shi kuwa ya yi ritaya da walima da jawabai. Muna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, ina gaishe shi kamar yadda ake gai da babba, amma har yau ban iya zama kusa da shi ba.

Duk da haka ba takardar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Mahaifin matar da ta rasu, dattijo ne manomi, bai taɓa fashin zama ba. Yakan rubuta ranar da aka ɗage shari'a a 'yar takarda, ya ninke ta ya sa a cikin hularsa, in ya zo ya ciro ya nuna mini don in tabbatar masa bai yi kuskuren rana ba. Ranar hukunci ya tare ni a bakin matakala ya cire hular, yana jiran sabuwar rana. Na ce, "Baba, an gama." Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ɗana, ni fa ba ɗaurinsa nake nema ba. So nake alƙali ya faɗa da bakinsa cewa ganganci aka yi." Ya mayar da hularsa ya tafi neman mota.

Tun daga ranar kunnena ya buɗe ga yadda ake amfani da kalmar ƙaddara a aikin nan. Na yi imani da ƙaddara, ba na wasa da ita. Amma na ga ana kai ta gidan makoki ranar sadakar uku tare da buhun shinkafa da ambulan, ana lallashin talaka ya sa hannu a takardar janye ƙara tun hawayensa bai bushe ba. Addinin da ake fakewa da shi bai ɗauki rai da sauƙi haka ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara. Diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1000. Magada na da ikon yafe ta, amma azumin wata biyu a jere yana nan a wuyan direba, ba mai yafe masa. Wannan fa kuskure ke nan zalla, balle wanda ya san motarsa ba birki. A ɓangaren doka ma yafiyar iyali ba ta kashe tuhumar gwamnati da kanta. Sashe na 222 na Final Kod, kundin dokar laifuffuka na Arewa, ya lissafa kisa ta hanyar ganganci ko sakaci cikin laifin kisan kai wanda ba a yanke wa hukuncin kisa, dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ita ma ta sa shekara 7. Idan iyali suka zo suka ce sun yafe, ku karɓe su da girmamawa, ku tambaye su a keɓe ko su suka ga dama, sannan ku ci gaba da duba fayil.

Mai Adaidaitan ma ina jin nauyinsa. Mun sa shi shaida kawai, ba mu saka raunin da aka yi masa a takardar tuhuma ba, kuma ba wanda ya gaya masa yana iya bin mai motar da kamfanin inshora ta shari'ar neman diyya. Tuhuma direba take kamawa, mai mota yana gida. A Janairun 2023 aka ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, mutane na biya don tsoron shingen 'yan sanda, amma a shekaruna 11 da wuya na ga iyalin mamaci da suka san takardar nan don su aka yi ta. Ku riƙa faɗa musu, ko da ba ya cikin aikinku.

Sauran abubuwan gajeru ne. Mu ba ma kwana da gawa, don haka a samu takardar likita da sunan wanda ya shaida gawar kafin a kai makwanci. In da dokar tarayya kuka yi tuhuma, ku tabbatar wa kotu cewa hanyar ta tarayya ce. Gwajin jinin direba a ranar ake yi, tiramol ba ya jiran lauya. Shaidar kasuwa ku karɓi lambarsa da ta wani ɗan'uwansa. Kuma ba kowane direba ne mai laifi ba. Na sha ba da shawarar a saki wanda yaro ya faɗo masa titi yana tafiya a hankali.

Umarnin baki kuwa, ko daga wa ya fito, ku ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mini a rubuce." Za a ce kuna da taurin kai. An faɗa mini haka shekara 9, an taɓa ɗauke mini fayil saboda shi, amma ba a ƙara sakin mota a hannuna ba tare da rahoto ba, kuma direbobin da na samu aka hukunta ba wanda ya kuɓuta da zancen birki.

A cikin fayilolin da na miƙa akwai na wata bas da ke caji ofis wata biyar yanzu, tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Mai ita ya aiko mutane sau uku. Na rubuta da jan biro a bangon fayil ɗin cewa rahoton VIO bai iso ba, kuma na bar lambar jami'in da ya yi alkawarin zuwa ranar Talata.