Ranar da na dasa fulumeriya

Asabar. Zafin bazara ya kai maƙura, amma wannan ne lokacin da nake jira, domin reshen fulumeriya, wata bishiya mai fure mai ƙamshi, ya fi saurin yin saiwa idan ƙasa na da ɗumi, kafin damina ta kankama.

Da hantsi na ɗauko reshen daga bayan randa inda na jingine shi a inuwa. Daga gidan yayata na samo shi, tsawonsa ya kai kamu ɗaya, kauri kamar yatsu biyu, fatarsa ta fara yin toka-toka, alamar ya ƙosa. Ranar da aka yanke shi farin ruwa ya yi ta ɗiga irin na tumfafiya, ashe ma danginsu ɗaya. Ruwan nan yana sa ƙaiƙayi, kuma ba a wasa da shi kusa da ido, shi ya sa na hana yara taɓawa. Yau na shafa bakin yankan na ji ya bushe ƙamas, ya yi tauri. Abin da ake so ke nan. Masu shukar sukan bar shi mako ɗaya zuwa biyu, don wanda aka binne da ɗanyen ciwo ruɓewa yake yi daga ƙasa.

Na huda gindin tsohon bokiti da ƙusa, na haɗa yashi mai yawa da ƙasa kaɗan da garin gawayi. Ban sa taki ba. Na cusa reshen kamar tsawon ɗan yatsa, na danne gefe, na ɗaure shi jikin kara kada iska ta girgiza shi. Ruwa sau ɗaya na zuba.

Inna tana kallo daga kan tabarma. "Ke kuwa wannan sandar za ki bari a rana babu ruwa?"

Na ce, "Inna, ku bar ta haka. Ba ta da saiwar da za ta sha, abincinta na cikin jikinta. Sai ganye ya buɗe sosai zan ƙara mata."

Ban ga alamar ta gamsu ba, don haka na roƙe ta kada ta sa a juye ruwan alwala a ciki. Wannan ne kaɗai abin da ke damuna, domin nan da makonni shida zuwa takwas ake sa ran saiwa, kuma a gidanmu kowa na da tausayin shuka.

Ina mamakin tafiyar da bishiyar nan ta yi. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, ga ta furen ƙasa a Lawos da ke nahiyar Asiya, a tsibiran Hawayi kuma ana yin sarƙar wuya da furenta. Ƙamshinta ya fi tashi da dare don jawo ƙwari, alhali babu zuma a cikin furen.

Ta yayata fara ce mai rawaya a tsakiya, kuma tunda reshe na dasa ba iri ba, irin launin zan samu. Da la'asar na matsar da bokitin jikin katangar gabas, inda awaki ba sa kaiwa.